CRAM: HADDA CE KO ƊURA?

Akwai wata 'yar kalma ta Ingilishi, mai haruffa huɗu kacal, wadda ba a cika jin ɗuriyarta a farkon zangon karatu ba, amma da zarar an liƙa jadawalin jarrabawa sai ta ɓarke a bakin kowa kamar kukan kwaɗi bayan ruwan farko. Kalmar ita ce cram. A bakinmu takan koma "kiramin", domin harshen Bahaushe ba ya barin baƙi biyu su haɗu a farkon gaɓa ba tare da ya raba su da wasali ba, kamar dai yadda ya yi wa burodi da tirela da firamare. Kusan duk ɗalibin da ka tare ka ce ya fassara maka ita da Hausa, ba zai yi wata-wata ba zai ce maka hadda. Malamanmu ma haka suke fassara ta, in sun tashi yi mana faɗa sai su ce, "Ku daina hadda, jami'a ba wurin hadda ba ce." To, wannan fassara ita ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, don a ganina an ɗauki laifin wata an jingina wa wata.

Bari mu fara da kalmar a gidan ubanta. Tsohuwar kalma ce ƙwarai, tana nan tun Ingilishin da, na kafin zuwan Normawa Ingila a 1066, inda ake ce mata crammian. Tun a wancan zamani ma'anarta ba ta da wata dangantaka da littafi ko makaranta. Abin da take nufi shi ne a tura abu cikin wani mazubi da ƙarfin tsiya, har ya wuce abin da mazubin zai iya ɗauka cikin lalama. Abu uku ne ke cikinta: akwai mazubi mai iyaka, akwai kayan da suka fi ƙarfinsa, akwai kuma hannun da ke dannawa. In ɗaya ya ɓace daga cikin ukun nan, to ba cram ba ce. Shi ya sa Bature ba ya amfani da ita ga ruwa. Ruwa ba ya dannuwa, in tulu ya cika sai ya malala, kuma wannan wata kalma ce dabam ke ɗauke da shi. Amma matafiyin da ya tattara tufafinsa ya tura a akwati, ya hau kan murfin ya zauna don ya rufu, shi ne ya yi cram. Haka yaron da ya cika bakinsa da biskit har kumatu suka kumbura. Haka fasinjojin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan da safe, lokacin tafiya aiki. Har lokaci ma Bature yakan mayar da shi mazubi, ya ce ya cusa taro biyar cikin yini ɗaya.

Ga masu sha'awar nahawu akwai wani abin lura a nan. Wannan aikatau fuska biyu gare shi. Kana iya cewa "cram the clothes into the bag", wato tufafin ne karɓau, kana kuma iya juyawa ka ce "cram the bag with clothes", jakar ta zama karɓau. Ba kowane aikatau na Ingilishi ke da wannan dama ba. Fill mazubi kaɗai yake karɓa, pour kuwa abin zubawa kaɗai. Mu a Hausa raba aikin muka yi. Cusa kayan take bi: na cusa riga a jaka. Shaƙe da maƙare mazubin suke bi: na shaƙe jaka da riguna. Wanda ya ce ya cusa jaka da riguna, to a tambaye shi garinsu.

In kuwa aka zo fagen cika, Bahaushe ba ya roƙon kowa gishiri. Daga tushe ɗaya ma, bisa tsarin rukunan aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, muna da cika tulu, tulu ya cika, cike shi, ciko shi, har ya ciku. Sa'an nan ga amsa-kama suna biye: fal, taf, maƙil. Kogi ya cika ya batse, madatsa ta tumbatsa. Ana danƙara auduga a buhu, ana cunkusa mutane a ɗaki, ana cusa tsumma a rami. Jibga da labta su kam a bisa suke ɗorawa, ba a ciki ba, don haka jaki ake labta wa kaya, ba a cusa masa. Direbobi kuma sun aro mana obalodi, kalmar da duk wanda ya taɓa zama na huɗu a kujerar mutum uku, gwiwarsa a haƙarƙarin wani bawan Allah, ba ya bukatar ƙamus kafin ya gane ta. Saboda haka in ana maganar akwati ko mota ko ɗakin kwanan ɗalibai, fassarar cram ba ta da wuya: cusa, cunkusa, danƙara, kowace da inda ta fi zama daram.

Wahalar tana farawa ne in mazubin mai rai ne. Tun da daɗewa Turawa suna amfani da kalmar wajen kiwon kaji. A yankin Sussex da ke kudancin Ingila, musamman kewayen wani gari da ake kira Heathfield, an yi wata sana'a a ƙarni na 19 har zuwa cikin na 20, ta ƙibantar da kaji don kasuwannin Landan. Sukan tsare kazar a keji, su dama garin hatsi da madara da kitse, su zuba a wata na'ura mai tiyo. Mutum ya rungume kazar a hammata, ya zura mata tiyon a maƙogwaro, ya taka na'urar da ƙafa, abincin ya wuce ko tana so ko ba ta so. Sunan wannan aiki cramming, mai yinsa kuma crammer. Ranar da na fara karanta wannan bayani ban ga kaza ba, abin da na gani shi ne tsakar gidanmu: uwa ta kwantar da jariri a cinya, ta tara tafin hannu a bakinsa, ta toshe masa hanci da yatsa, ta kwarara kunu, yaro yana shure-shure yana haɗiya don dole. Kowa ya san sunan wannan. Ɗura ke nan. Ma'aikatan asibiti sun daɗe suna hana mata yin ta, saboda kunun yakan saɓa hanya ya faɗa huhu. Ana yi wa dabba ma, in za a ba ta jiƙo ko ruwan kanwa.

Na san wani zai ce ai ɗura ta ruwa ce, ana ɗura ruwa a gora ko buta, ga shi kuwa na riga na ce cram ba ta shafi ruwa ba. Gaskiya ne, kalmomin biyu ba tagwaye ba ne, kuma ban taɓa ganin kalmomi biyu na harsuna biyu da suka yi daidai ta kowace kusurwa ba. Amma a wurin nan guda, wurin tura wa mai rai abin da bai nema ba, fiye da yadda zai iya narkarwa, cikin gaggawa, sun haɗu sun rungumi juna. Wurin nan kuwa shi ne ya haifi ma'anar da ta dame mu.

A farkon ƙarni na 19 ne ɗaliban Ingila suka ja kalmar zuwa fagen karatu, kuma da ba'a suka ja ta. Ba da daɗewa ba sai ba'ar ta zama kasuwa. Daga 1855 aka fara ɗaukar manyan ma'aikatan mulkin Indiya ta hanyar jarrabawar gasa, aikin soja ma ya bi sahu, sai ga wasu gidaje sun ɓullo a Landan waɗanda ba su da wata sana'a illa shirya 'ya'yan masu hali su tsallake jarrabawa. Sunan da aka ba su shi ne sunan mai ɗura wa kaji, wato crammer. Winston Churchill kansa, wanda daga baya ya ja ragamar Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, sau biyu yana faɗuwa jarrabawar shiga makarantar hafsoshi ta Sandhurst, wadda su Zakariya Maimalari da Hassan Usman Katsina da Murtala Muhammed suka halarta daga baya. Sai da aka kai shi gidan wani Kyaftin James aka yi masa ɗura tukuna ya haye a karo na uku, a 1893, da makin da bai kai shi rundunar sojan ƙasa ba sai ta mahaya dawaki. Irin waɗannan gidaje ba su mutu ba. A Japan ana ce musu juku, a Koriya ta Kudu hagwon, kuma in Bature zai fassara su yakan ce cram school.

To amma a lura da abin da Bature yake nufi in ya ce ɗalibi yana cram. Maganar lokaci yake yi. Yana nufin karatun da ya kamata a yi cikin wata uku an matse shi cikin dare uku. Ko ɗalibin ya gane abin da ya karanta ko bai gane ba, ko ya riƙe kalma da kalma ko ma'ana kawai ya kwasa, duk wannan ba shi ne gaba ba. Gaggawar ita ce gaba, wato abin nan da kakanninmu suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan wasan kwaikwayon da ya share wata guda yana bitar maganganunsa har suka zauna masa, ba wanda zai ce ya yi cram a Ingila. Za a ce ya koya da ka.

Da kalmar ta sauka Nijeriya sai ta sake riga. A Ingilishinmu, cram ta koma nufin ɗauke magana kalma da kalma ba tare da an gane ta ba, ko da kuwa shekara aka yi ana yi. Za ka ji an ce yaro ya yi kiramin ɗin jadawalin sau, ko na taken ƙasa, ko na lambar waya. Har 'yan jami'a suka ƙaga mata kirari da Faransancin ƙarya, "la cram, la pour", wato a ɗura a juye. Ta wannan ƙofa ce hadda ta shigo cikin rigimar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Tun da cram ta zama riƙewa da ka, Bahaushe kuwa kalmar da yake da ita ta riƙewa da ka ita ce hadda, sai aka ɗaura musu aure ba tare da an binciki asali ba.

Wanda duk ya zauna gaban allo ya san hadda ba haka take ba. Ana rubuta wa yaro ɗan abin da zai iya ɗauka, layi biyu ko uku. Ya yi ta biyawa da safe, ya biya da yamma, ya biya da dare a gindin wuta. Ba zai wanke allon ba sai malam ya saurara ya tabbata ya zauna. In ya wanke ya ɗora sabo, na jiya bai tafi hutu ba, yana nan cikin tilawa, ana komawa kansa yau da gobe. A haka ake tafiya daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, izu bayan izu har sittin, shekara da shekaru. Wanda ya kai alaramma yakan zauna ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, da wasullansa da ɗigonsa, ba tare da ya buɗe wani ya duba ba.

Akwai wani baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya yi gardancinsa a ƙasar Barno. Da na je hutu na ba shi labarin yadda ake kwana a aji ana fama da kofi da goro in jarrabawa ta matso, har na gaya masa wai sunan abin hadda. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗana, in an fito daga jarrabawar, bayan kwana arba'in, a tashe ku cikin dare a ja muku baƙi, za ku ɗauka?"

Na ce, "Baffa, wasu ko kwana huɗu ba za a kai ba."

Ya ce, "To ku nemo masa wani suna. Mu abin da muke kira hadda, da shi ake binne mutum."

Abin mamaki, binciken Turawa kan ƙwaƙwalwa bayan Baffa ya bi, ba bayanmu ba. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa a 1885. Yakan jera gaɓoɓi marasa ma'ana ya yi ta maimaitawa har ya riƙe, sa'an nan ya auna abin da ya rage masa bayan sa'a guda, bayan kwana, bayan wata. Ya tarar cewa mantuwa ta fi yin ɓarna a sa'o'in farko, daga nan sai ta rage gudu. Ya kuma tarar cewa maimaici 38 da ya rarraba cikin kwana uku ya yi masa aikin da maimaici 68 na zama ɗaya ya yi. Waɗanda suka biyo bayansa sun sake gwada wannan a kan yara da manya, a kan kalmomi da lissafi, amsar ba ta sauya ba: abin da aka rarraba aka riƙa komawa kansa ya fi zama. Sun ƙara da cewa rufe littafi ka jawo abu da ka ya fi sake karanta shi amfani, kuma barci yana cikin abubuwan da ke kafa karatu a ƙwaƙwalwa. Rarrabawa, komawa, jawowa da ka: in ba tsarin allo da tilawa ba, mene ne wannan? Mai kiramin kuwa ya saɓa wa dukkansu a dare ɗaya, ya haɗa har da barcin ya sayar.

Ba ina cewa hadda ita ce fahimta ba. Kolo da yawa yana rera abin da bai san fassararsa ba, kuma su malaman zaure ba su taɓa ɓoye wannan ba, shi ya sa bayan allo akwai makarantar ilmi, inda ake bin littafi kalma kalma ana fassarawa ana warware ma'ana. Abin da nake cewa shi ne hadda ajiya ce, an yi ta don ta zauna har ranar da fahimta za ta zo ta same ta. Ɗura kuwa tun ranar da aka yi ta an san ranar da za a amayar. Mu da muke nazarin Hausa mun fi kowa sanin darajar ajiyar nan. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da ka ya tsara Imfiraji, kuma da ka almajirai da makafi suka yi ta yawo da ita gari gari, har ta shiga kunnen waɗanda ba su taɓa ganin bugunta ba. 'Yan amshin makaɗan fada ba su da takarda. Tsohuwar da ke ba jikoki tatsuniya ba ta da laburare. In muka bar kalmar hadda ta zama zagi a harabar jami'a, mun zagi hanyar da mafi yawan abin da muke nazari ya bi ya iso gare mu. Ban kuma ga yadda za a yi mutum ya yi nazarin karin waƙa ba tare da baitoci sun zauna masa a ka ba, kamar yadda ɗalibin likita ba zai tsaya buɗe littafi ba duk lokacin da aka ambaci sunan wani ƙashi.

Akwai wata ɓarna kuma da ba a cika faɗa ba. Yaron da ya zo jami'a da izu talatin ko sittin a kansa ya zo da horon da 'yan ajinsa da yawa ba su da shi: ya san zama, ya san bita, ya san komawa baya kafin a ci gaba. Maimakon a ce masa ya juyo da wannan horo kan sabon karatunsa, sai ya ji malami yana cewa hadda aikin aku ne. Sai ya ji kunyar abin da ya iya, ya ajiye shi a ƙofar aji tare da takalminsa na zaure, ya bi sahun masu kwana a aji.

Allah ya gafarta malamanmu, a nan sai sun yi haƙuri da ni kaɗan. Ai kalmar tun asali so-karɓau ce, kuma kaza ba ta taɓa ɗura wa kanta ba. In malami ya ɓace rabin zango, sa'an nan ya bayyana saura mako biyu ya haɗa lacca shida a yini biyu, wa ya taka na'urar? In ya raba takardun laccarsa, ya kuma nuna cewa wanda ya mayar masa da su yadda ya ba da, har waƙafi da aya, shi ne mai maki, wanda kuwa ya faɗi abin da bakinsa ya sha jan biro, me yake jira ya gani a takardar amsa? Ga ɗakin laccar kansa a cunkushe, na baya ba ya jin na gaba, wasu a taga wasu a tsaye, yadda ko tambaya ba ta yiwuwa. A wuri irin wannan ma'anonin kalmar duka biyu sun haɗu a ɗaki ɗaya, an cusa ɗalibai a aji, an ɗura musu karatu. Ba na wanke mu ɗalibai. Akwai wanda ba abin da ya hana shi karatu tun farkon zango sai hira da yawon ɗakunan abokai. Amma in za a raba laifi, a raba shi da mudu ɗaya.

Da za a ba ni shafin ƙamus a ce in cike gurbin wannan kalma, ga yadda zan yi. In kaya ne a mazubi, cusa ko danƙara. In mutane ne a wuri, cunkusa. In abinci ne mutum yake tura wa kansa, cusa, in wani ake tura wa, ɗura. In karatu ne, ɗurar karatu, ko karatun ɗura, mai yi kuma a ce yana ɗura. Gidajen nan na Landan da Tokiyo, da 'yan'uwansu da ke buɗewa a unguwanninmu duk lokacin da jarrabawar shiga jami'a ta gabato, gidan ɗura ya ishe su suna. Hadda kuwa ba za ta shiga shafin ba sam, sai a can wani shafi, gaban kalmar memorise.

Na gwada "karatun ɗura" a kan wasu 'yan ajinmu, Kanawa da Zazzagawa sun karɓa da dariya, har wata ta ce a garinsu in yaro ya ƙi haɗiya hura masa iska ake yi a fuska, wai ko shi ne aikin mai tsaron jarrabawa. Saura mutanen Sakkwato da Katsina da 'yan'uwanmu na Damagaram. In akwai wata kalma a karin harshensu da ta fi wannan kama abin, ina roƙon su kawo ta zaman ƙungiya na gaba, mu ɗora ta a faifai tare da tawa.